Iya Ruwa Fid Da Kai

 Ga shi sanyi ya fara ja da baya, itatuwa sun yi toho, rana ta daɗa tsawo, nan gaba kaɗan kuwa za a fara fita shan iska bakin ruwa, wasu da fatsa, wasu da tukunyar shinkafa da yara a biye. Saboda haka muka ga ya kamata filinmu na wannan wata ya tsaya bisa magana guda, watau yadda mutum zai shiga jirgin ruwa ya fita ba tare da ya faɗa ciki ba, da kuma abin da za a yi in tsautsayi ya sa wani ya faɗa.

Kogin da ke bayan gidanmu

Kowa ya san Algonkian, wurin shan iskan nan da ke arewa da garin nan, a bakin Kogin Potomak, inda akwai gangaren da ake sa jirage a ruwa. Wanda ya tsaya a nan ya duba, sai ya ga ruwa kwance lumui kamar tabarma, ya ce a ransa ai wannan ko yaro ya haye shi. To, baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Ƙasa kaɗan da wurin ruwan ya shiga cikin duwatsu da tsibirai, ya fara gudu. Kimanin mil 10 gaba kuma sai Great Falls, inda kogin ke gangarawa ƙafa 76 cikin tazarar da ba ta kai mil guda ba, sa'an nan ya matse cikin wani kwazazzabo mai zurfi. A wannan yanki hukuma ta hana iyo, ta hana ko tsoma ƙafa a yi tafiya cikin ruwan, domin sama yana kwance amma ƙasa yana ja.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, in an yi ruwan sama mai yawa can cikin duwatsun yamma inda kogin ya taso, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ambaliyar ta iso mana. Sai ka ga nan gari garau, ba ko gajimare, amma kogi ya cika ya yi ja, yana tafe da gungume da rassa. Ranar da kuka ga haka, ku ci tuwonku a tudu ku koma gida.

Har wa yau, ko da yake muna zaune a Jihar Bajiniya, ruwan kogin a wannan wuri na Jihar Merilan ne har zuwa gaɓarmu, bisa tsohuwar iyaka. Watau da zarar jirginka ya bar tudu, dokar Merilan ta hau kanka, 'yan sandan ruwansu kuma suna da ikon su tsai da kai su duba kayanka.

Abin da muka baro a gida

Mu mutanen Zango ba baƙin labarin haɗarin jirgi ba ne. Waɗanda suka fito daga Gana sun san Tafkin Volta, wanda ya samu bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, har ya cinye tsohon garin Kete Krachi da zangonsa. Itatuwan da ruwa ya rufe a lokacin suna nan tsaye a ƙarƙashi, jiragen Yeji da na Dambai kuwa sun sha cin karo da kututturansu, an yi hasarar rayuka ba sau ɗaya ba.

A Nijeriya, ran 26 ga watan Mayu 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja za shi Wara ta Jihar Kebbi ya tsage a tsakiyar ruwa da mutum fiye da 150 a ciki, waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce kimanin 20 ba. Ran 30 ga watan Nuwamba 2021, jirgin fito ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, galibinsu yara 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Maulidi. A watan Yuni 2023 kuma, mutum fiye da 100 suka halaka a wajen Patigi ta Jihar Kwara suna komowa daga biki da dare. Allah ya ji ƙansu. Duk wanda ya bi labarun nan zai tarar abu biyu ba su taɓa rabuwa da su ba: lodi ya wuce kima, kuma kusan ba wanda ke sanye da rigar ceto.

Kada wani ya ce ai wannan halin ƙasashenmu ne, nan ƙasar Turawa ba a yin haka. Ran 6 ga watan Maris 2004, wani jirgin fito mai suna Lady D ya kife a tashar jiragen Baltimo da mutum 25 a ciki, sa'ad da iska ta taso farat ɗaya, mutum 5 suka mutu. Da aka yi bincike sai aka tarar an ƙayyade yawan fasinjan jirgin ne bisa tsohon lissafin da ya ɗauki nauyin kowane mutum laba 140, alhali mutanen yanzu sun fi haka nauyi. A 2011 hukuma ta mai da lissafin laba 185. Ashe ruwa bai san Bature ba, bai san Bahaushe ba.

Rigar ceto

Rundunar Tsaron Gaɓar Teku ta Amurka takan fid da lissafi kowace shekara. A 2023 mutum 564 suka mutu a haɗarin jiragen shaƙatawa a ƙasar nan. Cikin waɗanda aka san sanadin mutuwarsu, kashi 75 cikin 100 nutsewa suka yi, cikin waɗanda suka nutse kuma kashi 87 cikin 100 ba su sa rigar ceto ba. Wannan lissafi kaɗai ya isa wa'azi.

Mun san abin da wasunmu kan ce. Wani ya ce shi a bakin Kwara aka haife shi, ya iya ruwa kamar tarwaɗa. Wani ya ce rigar tana sa zafi, tana ɓata kwalliya. Wani kuma ya ce in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa. Gaskiya ne ba mai wuce ranarsa, amma ba mu taɓa ganin wanda ya bar ƙofar gidansa buɗe da dare ba don ya dogara ga wannan magana. Ku dubi masuntan Argungu, waɗanda duniya ke zuwa kallo tun da aka fara bikinsu a 1934. Ba wanda ya fi su iya ruwa, amma sai ka ga mutum ya shiga Matan Fada rungume da babban gora. Goran nan shi ne rigar ceton kakanninmu, ba su kuwa taɓa jin kunyarsa ba.

Mai taƙama da iyo ya ji labarin Eric Tabarly, mutumin Faransa, hafsan sojan ruwa, wanda ya ci tseren ƙetare Tekun Atilantika shi kaɗai cikin jirgin iska har sau biyu, a 1964 da 1976. A watan Yuni 1998, da dare, kusa da gaɓar Wales, yana cikin rage ƙyallen jirginsa sai sandar ƙyallen ta buge shi ya faɗa teku. Ba riga a jikinsa, ba igiyar da ta ɗaure shi da jirgi. Abokan tafiyarsa suka yi ta nema cikin duhu ba su same shi ba, sai bayan makonni aka tsinci gawarsa. In haka ta sami gwanin gwanaye, ina ga wanda ke shiga jirgi sau biyu a shekara?

Ga abin da doka ta ce. Kowane jirgi sai ya ɗauki riga guda domin kowane mutum da ke ciki, daidai da girman jikinsa. Jirgin da ya kai ƙafa 16 sai an ƙara masa abin jefawa, watau zobe ko matashin da ba ya nutsewa. A Merilan, yaron da bai kai shekara 13 ba tilas ya sa rigarsa a jiki muddin jirgin da bai kai ƙafa 21 ba yana tafiya. A wannan sashe namu na Potomak kuwa, daga 15 ga watan Nuwamba zuwa 15 ga watan Mayu, babba da yaro kowa tilas ya sa. Mu dai shawararmu a sa ta ko yaushe, domin rigar da ke ƙarƙashin kujera ba ta da amfani ga wanda ya riga ya faɗa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Iyaye mata, ku lura da wannan. Rigunan yara bisa nauyi ake yin su: akwai ta wanda bai kai laba 30 ba, da ta laba 30 zuwa 50, da ta laba 50 zuwa 90. Kada a saya wa yaro babba don wai ya girma a ciki, kamar yadda mukan yi da kayan Salla. In kin ɗaura masa, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga sama. In ta zame ta rufe haɓarsa da kunnuwansa, ta yi masa yawa, a cikin ruwa zai sulluɓe ta bar shi. Irin rigar nan da ake hurawa da iska kuwa ba ta yara ba ce, sai wanda ya kai shekara 16, ba ta kuma dace da wanda bai iya iyo ba.

Sa'an nan ga maganar tufafinmu. Babbar riga da doguwar jallabiya da zane da mayafi abin ado ne a tudu, amma in sun jiƙa sai su naɗe ƙafafu da hannuwa, su hana mutum motsi. Mai shiga jirgi ya sa kaya marasa nauyi waɗanda suka rufe jiki ba su yi ja ba, mace ta cusa bakin mayafinta cikin rigar ceto, kowa kuma ya sa takalmin da ba ya santsi.

Zama cikin jirgi

Yawancin masu faɗawa ruwa ba hadari ke jefa su ba. Wani miƙewa ya yi don ya jawo kifi, wani ya sunkuya ɗauko hular da iska ta ɗauke, wani ya tsaya ɗaukar hoto, wani ya je gefe yin fitsari, sai igiyar ruwan wani jirgi ta bugo, ƙafa ta goce. Matuƙan jirgi na da ka'ida tun ta dā: hannu guda na aiki, hannu guda na riƙo. In za ka tashi daga wuri zuwa wuri, ka rage tsawo, ka bi tsakiyar jirgi, kada ka saki wani abu sai ka kama wani. Kada a zauna a kan baki ko a kan goshin jirgi ana lilo da ƙafafu sa'ad da yake tafiya, domin wanda ya zame daga gaba, jirgin ne zai bi ta kansa da farfelarsa. A cikin kwalekwale kuwa ba a miƙewa sam, ba a kuma musayar wuri sai an koma gaɓa.

Ƙananan jiragen inji suna da wani ɗan allo kusa da mazaunin matuƙi, an rubuta yawan mutane da nauyin da za su iya ɗauka. In allo ya ce 6, to 6 ne, ko da na bakwai ɗin surukinka ne. Gara a yi sawu biyu da a yi zaman makoki.

Matuƙi kuma yana da nasa. Akwai wata 'yar igiya da ake maƙalawa a wuyan hannu ko a riga, wadda in matuƙi ya faɗa sai ta fizge ta kashe inji. Tun daga 1 ga watan Afrilu 2021 dokar ƙasa ta wajabta amfani da ita a jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba sa'ad da suke gudu. Dalili kuwa, jirgin da ya rasa matuƙi yakan yi ta kewaya a wuri guda har ya komo kan mai shi. A Bajiniya, mai tuƙa jirgin da injinsa ya kai ƙarfin doki 10 sai ya yi kwas ya riƙe takardarsa. Kada kuma ku yarda ku shiga jirgin wanda ya sha giya, ko da abokin aikinku ne ya gayyace ku, domin a lissafin hukuma giya ce kan gaba cikin sanannun dalilan mutuwa a ruwa.

Samarinmu da ake gayyata Annapolis su shiga jirgin iska a Chesapeake, ku kula da doguwar sandar nan da ke riƙe da gindin ƙyalle. Duk sa'ad da jirgi zai juya, takan sheƙo daga wannan gefe zuwa wancan daidai tsayin kan mutum. In kun ji matuƙi ya yi kira, ku sunkuya tukuna, tambaya ta biyo baya. In dare ya yi ko ruwa ya ɓaci, ku nemi ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙirji, mai igiya da ƙugiya, ku maƙala ta a jikin jirgi kafin ku fito fili.

Kafin a tashi, a duba labarin sama. Abin sha'awa, ofishin hukumar duba yanayi mai kula da Washinton da Baltimo a nan Sterling yake, labarinsa kuma kyauta ne a waya. Hadarin bazara a nan yakan haɗu da la'asar cikin ɗan lokaci kaɗan, saboda haka wanda ya ji tsawa ya nufi gaɓa. A kuma gaya wa wani a gida inda za a, da mutum nawa, da lokacin komowa.

In wani ya faɗa

Wanda ya fara gani ya yi ihu kowa ya ji. Nan take a jefa masa zobe ko matashi ko jarka mai murfi, duk abin da ba ya nutsewa. A sa mutum guda ya tsaya yana nuna shi da hannu, kada ya ɗauke ido ko kaɗan, domin kan mutum a cikin ruwa bai fi ƙwarya girma ba, da an kau da ido ya ɓace. Matuƙi ya rage gudu, ya juyo, ya matso a hankali yana fuskantar iska ko gudun ruwa, ya kashe inji kafin ya iso gare shi. A miƙa masa igiya ko sanda, a jawo shi wajen tsani. In ƙaramin jirgi ne, kada kowa ya taru a gefe guda, don kada a kife gaba ɗaya. Wani kuma ya buga 911, ko ya yi kira a tasha ta 16 in akwai rediyon jirgi.

Abu mafi wuya shi ne a hana ɗan'uwa tsalle. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Haka zai kama wuyan mai cetonsa su tafi tare, gida guda a yi gawa biyu. Ku sani kuma mai nutsewa ba ya ihu yadda ake nunawa a siliman. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, ba shi da numfashin kira. Saboda haka yaron da ya yi shiru a ruwa shi ne abin dubawa.

In an fid da shi, a kwantar da shi, a tuɓe jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. In ba ya numfashi, a hura masa iska a baki, a dinga danna ƙirji har ma'aikatan asibiti su iso. A bar al'adar nan ta danna ciki wai don a fid da ruwa, ɓata lokaci ce, tana kuma jawo amai ya shaƙe shi. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau yake, a kai shi likita ya duba huhunsa.

In kai ne ka faɗa

A watan Afrilu da farkon Mayu rana takan yi daɗi, amma kogi na nan da sanyin hunturu, ruwa kuwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki nesa ba kusa ba. Wani malami a Jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin cikin lissafi mai sauƙin riƙewa. Minti 1 na farko numfashi zai ƙwace maka, ka yi ta haki ba da sonka ba, aikinka a nan kawai ka tsare bakinka daga ruwa har ya lafa. Sa'an nan kana da kimanin minti 10 kafin hannuwa da ƙafafu su mutu, cikinsu ne za ka kama jirgi ko igiya. Bayan wannan akwai kimanin awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Amma awan nan sai mai riga ke samunsa, domin wanda ba shi da ita, da hannuwansa sun mutu shi ke nan.

In jirgin ya kife, kada ka bar shi ka nufi gaɓa, ka hau bayansa ko ka riƙe shi, ya fi kanka sauƙin gani daga nesa. In ruwa mai gudu ya ɗauke ka, ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, kada ka yi ƙoƙarin tsayawa, don kada ƙafa ta maƙale cikin duwatsu ruwa ya danne ka.

Shawararmu ga shugabanni

Muna roƙon Sarkin Zango da dattawa da Magajiya da shugabannin samari su ɗauki abu uku. Na ɗaya, a fid da wani abu daga asusu a sayi rigunan ceto na manya da na yara, a ajiye wurin ma'aji, mai bukata ya ara ya mayar. Na biyu, a kafa ka'ida cewa a duk fitar da aka yi da sunan ƙungiya, wanda bai sa riga ba ba ya shiga jirgi, ko wane ne shi, dattawa kuma su fara sawa don yara su gani. A kuma naɗa manya biyu masu tsaron yara a bakin ruwa, suna karɓeɓeniya, ba waya a hannunsu. Na uku, a kai yara koyon iyo. Akwai wurin iyo na gunduma a Claude Moore, nan cikin Sterling, inda ake koyarwa, iyaye mata kuma in sun haɗa kansu suna iya neman malama mace.

Kuɗin riga guda bai kai na cefanen yini ɗaya ba. Mu kuwa da muka sha haɗa gudummawa don kai gawa gida ko sayen kabari a nan, mun san bambancin kuɗin biyu. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma tattauna shi a taron wata mai zuwa.

Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu, a tudu da ruwa. Sai wani watan. Wassalam.